Babu turawa a ciki

A shekarar da aka cire tallafin mai abin ya faru. Ba na mance shekarar, domin ita ce ta farko da na ji shiru a unguwarmu ta Agege. Janaretocin da suka saba danne kiran salla duk suka yi tsit, sai ɗaya nan, ɗaya can. Ni sana'ata tura kurar ruwa. Jarka goma sha biyu nake ɗorawa, in bi gida gida ina juyewa a durom da randa. A lokacin na ba arba'in da biyar baya, ina kuma shekarata ta biyu a ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana Asabar da Lahadi bayan La'asar, a wata makarantar firamare da ke bayan layin dogo.

Ruwan da nake sayarwa a rijiyar burtsatsen wata Alhaja nake ɗiba. Bayarabiya ce, mijinta ya rasu ya bar mata gidan da rijiyar. Ni kuwa Bagobiri ne, saboda haka tun ranar farko wasa ne tsakaninmu. Ba ta kirana da sunana, sai “bawana”, ni kuma in ce mata ai kakannina ne suka koya wa nata cin tuwo da miya. Mu takwas ne masu kura a famfonta, amma ni take fara cika wa. Ga mai ruwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya fara cikawa shi ke isa wurin masu abinci kafin su hura wuta, na ƙarshe kuwa tanki kan ƙare a kansa. Ta ba ni wurin ne saboda ta ce shekara goma sha huɗu muna tare ban taɓa faɗa mata abin da ba haka yake ba.

Da mai ya yi tsada sai ta daina tayar da janareta. Idan an kawo wuta a ja ruwa, idan ba a kawo ba mu zauna a inuwar tanki muna kallon wayar wuta. Damina ta rufa mana asiri na 'yan watanni, don kowa yana tarar ruwan sama. Da ta ɗauke sai abin ya fito fili. Masu rijiyoyin da ke kewaye da mu suka fara mayar da janaretocinsu su koma aiki da gas. Wani makaniki daga Ogba ya yi wa Alhaja alkawarin zuwa ya yi mata haka, amma ita tsoron tukunyar gas take ji.

“Bom zan ajiye a gindin tankina?” take cewa. “Bawana, idan ya tashi kai zan tura ka kashe.”

Malaminmu na aji tsohon malamin kimiyya ne da ya yi ritaya, mutumin Filato, Kirista. Hausarsa tana da kyau, sai dai yakan ce “mace ya zo”, mu yi ta dariya, shi ma ya taya mu. Ya ce ya gaji da ganin masu furfura suna karanta labarin akuya da ƙwallo, don haka shi da kansa yake rubuta mana abin karatu, ya buga a takarda, ya raba. Yawanci labarin sama ne: me ya sa wata yake husufi, ina tsawa take fitowa. Wani mako aka yi masa rasuwa a gida. Ya zo da jakarsa a kafaɗa, ya ce zai yi mako uku, ya miƙa wa kowa takarda ɗaya.

“Ku karanta da kanku. In na dawo kowa zai gaya mini abin da ya gane. Ba na son a kai wa 'ya'ya su karanta.”

Ranar Litinin da hantsi, babu wuta, na zauna a gindin tanki na ware takardar. A sama akwai zanen wani abu kamar bokiti a kwance, bakinsa a rufe, gindinsa a rufe. Na sa yatsa a ƙarƙashin layin farko. Ga abin da aka rubuta: “Wasu Turawa sun ƙera wani inji mai turawa ba tare da mai ba.”

Layin nan kaɗai ya ci mini rabin awa. Turawa sau biyu, mai sau biyu. Da farko na karanta shi ya fito kamar wasu Turawa sun ƙera inji mai Turawa, na ce to su wane ne a cikin injin? Sai da na faɗe shi da ƙarfi sau da yawa, ina sauya murya, sannan kunnena ya raba su. Akwai Turawa fararen fata, akwai turawa irin wadda nake yi wa kura. Akwai mai na mai gida, akwai mai na gidan mai. A baki ko yaro ba ya rikita su, don muryar ɗaya hawa take yi, ta ɗayan sauka. Takarda kuwa ba ta da murya. Malam ya sha yi mana bayanin babban baƙi da ƙarami, amma ni a lokacin ɗaukar babban baƙi nake yi kamar hula, ado ne, ka sa ko ka cire kai dai kai ne.

Da na warware layin sai na ji daɗi ya kama ni, na ci gaba. Takardar ta ce don kumbo aka yi injin, wato jirgin da ke zuwa sararin samaniya. Ta ce kumbo yakan ɗauki mai mai yawa, yana ƙonawa yana fesarwa ta baya, da haka yake tafiya, kuma in man ya ƙare tafiya ta ƙare. Wannan sabon kuwa tukunya ce ta jan ƙarfe, gefe ɗaya mai faɗi, ɗayan tsukakke. Ana cusa igiyoyi irin na rediyo a ciki, su yi ta kai da kawowa suna dukan bango, sai tukunyar ta matsa gaba, ba abin da ya shiga, ba abin da ya fita. Ta ce masana sun yi ta gardama a kai. Wannan ban damu da shi ba, don ban taɓa ganin abin da ba a yi gardama a kansa ba.

Sai layin ƙarshe: “Da wasu masana suka sake gwada shi a tsanake, sai suka ce babu turawa a ciki ko kaɗan.”

Na karanta shi da muryar fararen fata. Abin da na gane shi ne, an sake yin injin, kuma wannan karon babu Bature ko ɗaya a cikin aikin. Ke nan ba sai da su ba. Baƙin mutum ma yana iya yi. Na ce ai shi ya sa Malam ya ba mu takardar a irin wannan lokaci, ya san halin da muke ciki.

Na ninke ta na sa a aljihu, na yi kwana biyu ban gaya wa kowa ba. Abu ne na farko da na taɓa sani ta hanyar karatu wanda babu wanda ya riga ni ji a unguwa. Ranar Laraba na kai kurata gyaran taya wurin abokina mai walda, mutumin Damagaram, wanda ke da rumfa a bakin layinmu. Yana cikin zagin tsadar mai, wanda shi yake kira isansi, sai bakina ya kufce.

“Akwai injin da ba ya shan mai,” na ce.

“Akwai mana. Ga ka nan tsaye. Gari da ƙuli kake sha.”

“Da gaske nake. A rubuce yake.”

Ya ɗage gilashin waldarsa ya dube ni. “To malamin lakwal, karanto mu ji.” Lakwal suke ce wa makarantar boko a can garinsu.

Na karanta masa tun daga farko, ina tsayawa ina komawa. Bai katse ni ba. Da na kai ƙarshe ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa, ya tsaya a kan zanen, don shi zane yake karantawa.

“Wannan ai mazurari ne aka toshe. Na yi wanda ya fi shi wuya. Ka ce babu Nasara a ciki?”

“Ko kaɗan. Haka aka rubuta, ko kaɗan.”

“To jan ƙarfe fa? Ka san abin da ake sayar da shi yanzu?”

Shi ya kai maganar kunnen Alhaja, ba ni ba. Washegari na zo da kura na tarar tana jirana a kan bencinta, ta ɗaura ɗankwali kamar mai zuwa biki.

“Oya, bawana, zo nan. An ce ka zama injiniya ka ɓoye mini.”

Na karanta mata ita ma. Hausarta ta kasuwa ce, takan ji abin da aka faɗa mata a hankali. Ta tambaye ni sau biyu ko ni na karanta da idona ko wani ya faɗa mini. Na ce ni na karanta. Ta ce to shi ke nan, in da daga bakin wani ne ba za ta saurara ba. A gabana ta kira makanikin Ogba ta ce ya dakata, ba yanzu ba. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani babban daro na jan ƙarfe, mai zane a bakinsa. Na uwarta ne, ta ce, a ciki aka yi wa dukan 'ya'yanta wankan suna. Na ce Alhaja a bari Malam ya dawo tukuna. Ta ce mako uku tankinta zai zauna a bushe saboda malamin wani? Gaskiya ni ma ina so in gani.

Kwana biyu mai walda ya yi a kan daron. Ya yanke shi, ya buge zanen ya baje, ya naɗe shi ya yi siffar da ke takarda. Sai muka tsaya a kan maganar igiyoyi. Shi ya ce igiya igiya ce, a yanko ta guga a zuba. Na ce an rubuta irin na rediyo. Ƙarshe muka yarda cewa inda igiyar rediyo take ai cikin rediyo ne. Ina da ƙaramar rediyo da nake ratayawa a hannun kura, wadda ta raka ni tun daga gida. Na sa mata sababbin batura, na kamo tasha, na ƙure murya, muka kwantar da ita a ciki. Ya ɗora murfin yana bin gefen da dalma. Mai labarai yana cikin magana, murfin na rufuwa muryarsa na dusashewa, har ta koma shuuu kawai.

“Ka ji ko?” in ji mai walda. “Ya fara cinye maganar. Aiki ya kama.”

Ni dai na kara kunne a jikin tukunyar ina neman muryar mai labarai.

Ranar Asabar da rana muka rataye tukunyar da igiya a ƙarfen da ke ɗauke da tanki. Sauran masu kura bakwai suka ajiye kurarsu suka kewaye mu. Alhaja ta sa aka kawo mata kujera. Mai walda ya riƙe tukunyar har ta tsaya cak, ya saki, ya ja da baya.

Ta motsa. Wallahi ta motsa. A hankali ta fara juyawa, tsukakken bakin yana bin hannun dama. Wani ya yi kabbara. Alhaja ta miƙe tana tafi tana magana da Yarabanci da sauri har ban kama ba. Sai tukunyar ta tsaya, ta yi jim, ta fara komowa ta hagu.

“Ribas yake yi,” in ji mai walda. “Har ribas gare shi.”

Na kalli igiyar. Na sha rataye jarka babu komai a ciki a wannan ƙarfen, kuma na san ita ma takan yi irin wannan juyi kafin igiya ta gama warware murɗinta. Na san haka, amma takarda ta ce zai motsa, ga shi kuma ya motsa. Na rasa wanda zan bi tsakanin abin da na sani da abin da na karanta.

Alhaja ce ta koma kujera ta yi tambayar da babu wanda ya yi a cikinmu.

“To bawana, ta ina ruwan zai hau?”

Na fito da takardar na sake bi layi layi a gabansu. Babu ruwa a ciki, babu rijiya, babu famfo. Kumbo ne kawai da sama. Mai walda ya ce in dai abu yana juyawa ai sai a haɗa masa bel, sauran aikinsa ne. Na ce akwai abin da ya rage wanda Malam ne kaɗai ya sani, a jira shi. Alhaja ta ce ta ji, za ta jira, tunda ni na faɗa.

Makonni biyun da suka biyo baya ba na son tuna su. Wuta ta yi ta wasa da mu, a kawo awa ɗaya a ɗauke kwana biyu. Rijiyoyin da suka koma gas suna ta zuba, masu kurarsu suna shigowa har layinmu. Mai shinkafa da wake da nake kai wa tun tana da tebur ɗaya ta ce in yi haƙuri, ba za ta iya dafa abinci da alkawari ba. Abokan aikina bakwai suka daina yi mini sallama da kyau. Ɗayansu, in ya wuce tukunyar, sai ya ɗan tura ta da yatsa ya ce, “Injiniya, yau ina muka nufa, wata ko rana?” Kullum da safe nakan kara kunne a jikinta. Shuuu ɗin ya yi ta raguwa har ya mutu. Takardar kuwa na karanta ta har ta yage a wurin ninki, kuma duk karantawa abu ɗaya take faɗa mini.

Ranar da Malam ya dawo, bayan mun yi masa gaisuwar rasuwa, ya ce wa zai fara. Na ɗaga hannu. Na karanta tun daga sama ba tare da yatsa ba, don na kusa haddace ta. Yana ta gyaɗa kai. Da na faɗi layin ƙarshe sai ya ɗaga hannu.

“Sake wannan, Baba.”

Na sake.

“Wane baƙi ne a farkon kalmar, babba ko ƙarami?”

Na duba. “Ƙarami.”

“Na layin farko fa, inda aka ce wasu Turawa?”

“Babba.”

“To?”

Wani tela da ke zama a bayana shi ya fara ganewa. Ya faɗi kalmar da ɗaya muryar, ya kwashe da dariya har ya bugi tebur. Sai na ji ta ni ma. Babu turawa. Injin ba ya tura komai. Layin da na ɗauka izini ne, ashe shi ne ya rushe duk abin da ke samansa. Na gaya wa Malam komai, daron da rediyon da makanikin da aka sallama. Da na kai wurin rediyo ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Da ya gama ya ce laifinsa ne shi ma, da ya rubuta “ba ya motsi” da ba a kai nan ba. Ya kuma ce ko da injin gaskiya ne, wutar lantarki yake ci, man da ake fesarwa ne kawai ba ya buƙata, kuma ƙarfin da wasu suka ce sun gani bai wuce nauyin ƙuda ba.

“Kurarka tana waje? Ku fito.”

Muka fita filin makaranta inda aka yi daɓen siminti. Ya sa na sauke jarkoki na bar biyu cike, ya ce in hau in zauna a ciki. Ban taɓa hawa kurata ba. Na hau, ɗalibai suna ta tsiya.

“Tura ta gaba.”

“Daga nan?”

“Daga nan. Kama ƙarfen gaba ka tura da duk ƙarfinka.”

Na tura har jijiyar wuyana ta tashi. Kura ba ta san ina yi ba.

“Me ya hana?”

“Hannuna na tura gaba, ƙafata na tokare baya.”

“Shi ke nan injin naka. Duk dukan da igiyoyin suke yi, a cikin ɗaki ɗaya suke yi. Yanzu ɗauki jarka ɗaya ka wurga ta baya da ƙarfi.”

Na ɗaga na wurga. Jarkar ta faɗi ta fashe, ruwa ya malale. Kura kuwa ta gangara gaba kamar taku ɗaya, da ni a ciki, ba wanda ya taɓa ta.

“Wannan shi ne kumbo,” in ji Malam. “Sai ka rabu da wani abu kake tafiya.”

Na gani da idona, na ji a jikina, amma da na sauko tambayoyi suka yi mini yawa. Na ce to shi wanda ya ƙera injin bai san haka ba ne? Malam ya ce shi hujjarsa ita ce igiyoyin sun fi dukan gefe mai faɗi fiye da tsukakke. Masu musa masa kuma suka ce ya mance da bangon da ke karkace tsakanin gefunan biyu, shi ma yana shan duka, in an haɗa duka sai a tashi babu. Na ce kamar ruwan jarka da ba ta cika ba, in ya yi tambal-tambal sai kura ta yi gaba ta yi baya tana nan inda take? Ya ce kusan haka. Ban san iya nisan “kusan” ɗin ba.

Na ce to waɗanda suka ce sun ga ya motsa fa, ƙarya suka yi? Ya ce a'a. Abin yana yin zafi, ƙarfe ya ɗan miƙe, ma'auni ya karkace. Wani lokaci kuma wayoyin da ke kai masa wuta ne maganaɗisun ƙasa yake ja. Suka ga allura ta motsa suka ɗauka turawa ce.

“Su ma ke nan karatun suka yi ba daidai ba?”

“Kana iya cewa haka.”

“Da duk digirinsu?”

“Da duk digirinsu. Har yanzu ma akwai 'yan kaɗan da ba su haƙura ba.”

Wannan bai kwantar mini da hankali ba. In masu digiri suna iya ganin abu su ce ga shi alhali babu, wasu kuma su zo su ce babu, ni da nake bin layi da yatsa ta yaya zan san takardar da zan yarda da ita? Na tambaye shi haka. Ya ce a sake gwadawa, a kuma sa wanda ba ya son abin ya zama gaskiya ya gwada. Na ce a rijiyarmu babu irin wannan mutum, duk so muke.

Sai na yi tambaya ta ƙarshe, wadda na yi nadamar yi. Na ce ni da nake tura kura kullum ba na wurga komai baya, me ya sa take tafiya? Ya ce ai kana wurgawa, ƙasa kake turawa baya da ƙafarka. Na ce wace ƙasa? Ya buga ƙafa a siminti ya ce wannan, duniya gaba ɗaya, sai dai girmanta ya sa ba a gani. Na dube shi in ga ko wasa yake. Ba wasa yake ba. Na turo kurata zuwa gida ina kallon ƙafafuna. Har yau in na hau gangaren layin dogo da kaya nakan tuna maganar, kuma har yau ban san ko na yarda ba.

Ban kwana da abin ba. Kafin Magariba na tsaya a gaban bencin Alhaja, ga masu kura suna nan zaune. Na so in same ta ita kaɗai, amma a gabansu na karanta mata, saboda haka a gabansu ya kamata in warware. Na faɗi kalmar da murya ta farko, na faɗe ta da ta biyu. Ba ta ji bambanci ba sai da na kama hannun kura na nuna mata.

“Tsaya,” ta ce. “Takardar ce ta yi ƙarya ko kai?”

“Takarda gaskiya ta faɗa. Ni ne ban ji ta ba. Baƙi ɗaya ne ya rikita ni.”

“Baƙi ɗaya?”

“Rabin baƙi ma. Tsawonsa kawai.”

Ta kalli tukunyar da ke rataye. Ta ce da Yarabanci uwarta ta yafe mata, wannan na ji shi sarai. Sannan ta juyo.

“Bawana, na san ba ƙarya ka yi ba. Amma mutanen nan bakwai mako uku suna zaune saboda bakinka, ni kuma na biye maka. Gobe in na fara cika maka, me zan ce musu?”

Na ce babu. Ta ce to in koma baya. Na ce na koma. Ta ɗauki waya ta kira mutumin Ogba. Ya ce yanzu aiki ya yi masa yawa, sai bayan kwana biyar. Da ya zo ya haɗa, ita da kanta ta sa aka gina wa tukunyar gas ɗin ɗan keji nesa da ɗakinta, ba ta kuma bin ta wannan gefen.

Mai walda ya sauke injin ya fasa dalmar. Baturan sun zube a cikin rediyon sun cinye ta. Ya ce shi har yanzu yana ganin da mun sa babbar rediyo da an ga aiki. Na koma aji ranar Asabar, Malam ya sa mu muka yi wata guda a kan babban baƙi kawai, tela yana kirana Bature har aka yaye mu.

Abin da ya tafi a wannan al'amari shi ne daron uwar Alhaja, da rediyona, da jarka ɗaya. Rijiya ta yi kwana ashirin da shida ba ta aiki sai in an kawo wuta. Gidaje huɗu da nake kai wa ruwa sun koma wurin wani, ɗaya ne ya dawo. A layin famfo kuma daga na ɗaya na koma na takwas.